Wace manhaja ce ta fi dacewa da ɗan gajeren rubutu na gaggawa?

Sani_Mile12
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin waya a wannan zaure. Sana'ata sayar da albasa ce a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma duk wanda ya san kasuwar ya san cewa idan mota ta iso da asuba aka fara sauke kaya, mutum ba shi da sukunin zama ya buɗe littafi. Wannan ya ɗauki buhu biyar zai biya da yamma, wancan ya ba da rabin kuɗi, direba yana jiran cikon kuɗin mota, 'yan dako kuma suna jiran nasu. Littafin bashi ina da shi, amma yana rumfa, ni kuwa ina bakin mota. Abin da nake so shi ne wurin da zan rubuta layi ɗaya ko biyu nan take, in kuma same su da daddare idan na zauna lissafi, ko da a wata wayar ce. Ba na neman abu mai tarkace da yawa. Da me kuke amfani?

Ibrahim_Otigba
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni gyaran waya nake yi a Computer Village da ke Ikeja, kuma idan wayarka Android ce, shawarata ita ce Google Keep. Tun 2013 aka fito da ita, kyauta ce, kuma da asusun Gmail ɗin da ke kan wayarka take aiki, don haka ba sai ka buɗe wani sabon asusu ba. Abin da ya sa nake ganin ta dace da kai shi ne ana iya ɗora ɗan akwatinta a fuskar waya, da ka taɓa shi sai wurin rubutu ya buɗe, kuma babu maɓallin adanawa da za ka manta ba ka danna ba, kana rubutawa tana ajiyewa. Idan babu sabis tana riƙe rubutun a wayar, da zarar sabis ya dawo ta tura shi asusunka. Tana kuma da jerin da ake sa wa alama, wato ka jera sunayen masu bashi, wanda ya biya ka danna masa alama sunansa ya sauka ƙasa.

Hajiya_Balogun
Ni ban ga dalilin ƙara wa waya nauyi ba. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya ba da damar mutum ya aika wa kansa saƙo, kuma abin da nake yi ke nan a shagona na atamfa da leshi. Na kafe hirar tawa a can sama, duk abin da ya taso in rubuta ko in yi magana in aika. Amfaninsa a wurina shi ne masu sayen kayana a WhatsApp suke turo hoton rasit da hoton zanen da suke so, sai in tura wa kaina a wuri guda, ga kwanan wata da lokaci a jikin kowane saƙo ba tare da na rubuta ba.

Ibrahim_Otigba
Hajiya, wajen sauri kina da gaskiya, amma saƙon da aka aika ba a daɗewa ana iya gyara shi, alhali bashi abu ne da ke canjawa kullum. Idan mutum ya biya rabi yau, rabi jibi, dole ki sake aika sabon saƙo, kuma bayan wata guda sai kin yi ta ja sama kina neman wane ne na ƙarshe. Sannan saƙon murya ba ya fitowa idan kika nemi sunan mutum a wurin bincike.

Hajiya_Balogun
Haka ne, ƙanena, shi ya sa duk daren Allah nake kwashe su zuwa littafi. Ban taɓa ɗaukar wayar a matsayin littafin ba, wurin ajiye abu ne kafin in isa gida.

Malam_IdiAraba
Maganar Hajiya ta ƙarshe ita ce nake so a tsaya a kanta. Tambayar Malam Sani ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato tunatar da kai da kuma kafa hujja. Aya ta 282 a cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta haɗa rubutun da shaidu, ta kuma ɗora shiftar a kan wanda ake bi. Abin da ka rubuta kai kaɗai a wayarka, wanda kake iya gyarawa kowane lokaci ba tare da kowa ya sani ba, yana taimaka maka ka tuna, amma ba ya raba gardama ranar da ɗayan ya ce buhu huɗu ya ɗauka ba biyar ba. Don haka ko wace manhaja aka zaɓa, ina ba da shawarar a tura wa wanda ya karɓi kayan saƙo a lokacin, shi kuma ya amsa da cewa haka ne.

Sani_Mile12
Allah ya saka da alheri, Malam. Manyan basussuka ana yin su ne a gaban dillali da shaidu, kamar yadda aka saba. Waɗanda nake magana a kansu ƙananan ne da ke taruwa a rana ɗaya har su kai kuɗi mai kauri, kuma su ne ke ɓacewa a kai kafin azahar.

Zainab_Yaba
Ina aikin rubuta manhajoji a Yaba, kuma ina so in ja kunne a kan wani nau'i da ba a ambata ba tukuna, domin shi ne mutane ke fara cin karo da shi idan suka yi bincike a intanet. Akwai shafukan da ke ba ka farin fili ka yi rubutu ba tare da rajista ba, kuma da gaske suna da sauri. Sai dai iri biyu ne. Na farko yana ajiye rubutun ne a cikin burauzar wayarka kawai, ranar da ka share bayanan burauza ko wani ya yi maka sharar waya don a samu fili, rubutun ya tafi, kuma ba za ka gan shi a wata wayar ba. Na biyu yana ba kowane rubutu adireshinsa na intanet, wanda hakan ke nufin duk wanda ya samu adireshin, ko ya yi sa'ar canka shi, zai karanta, a wasu shafukan ma har ya goge. Rubutu a irin wannan wuri kamar rubutu ne da alli a jikin katangar kasuwa. Suna da amfani idan kana so ka ɗauke lambar asusun banki daga kwamfuta zuwa waya cikin minti ɗaya, amma ba wurin ajiye sunayen mutane da abin da kake bin su ba ne.

Idan ana son abu mai sauƙi irin nasu amma mai asusu, akwai Simplenote, wadda kamfanin Automattic mai WordPress.com ya saya a 2013. Rubutu zalla take ɗauka, babu hoto babu murya, saboda haka ba ta cin data, kuma tana ajiye tarihin kowane rubutu, kana iya komawa ka ga yadda yake kafin ka gyara shi. Ga mai lissafin bashi wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan yatsa ya goge adadi bisa kuskure.

Bala_Apapa
Ni direban tirela ne, tsakanin Apapa da Kano nake zirga-zirga, kuma ma'aunina ɗaya ne: shin abin zai buɗe a inda babu sabis? A tsakanin Mokwa da Tegina akwai wuraren da waya ke zama fanko, kuma a nan ne sau da yawa ake bukatar lambar takardar lodi ko abin da aka kashe a man gas. Ko a nan Legas ma kun tuna abin da ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da dama ta samu cikas. Wanda rubutunsa ke kan shafin intanet kawai, a ranar bai ga komai ba. Kafin mutum ya dogara da kowace manhaja, ya kashe data ya buɗe ta, ya rubuta abu, ya rufe, ya sake buɗewa.

Zainab_Yaba
Wannan gwajin na Yaya Bala shi ne daidai, kuma yana nuna bambanci tsakanin manhajar da aka sauke a waya da shafinta na burauza. Keep da Simplenote da OneNote ta kamfanin Microsoft duk suna buɗewa ba data idan manhajar ce a wayar, amma shiga ta burauza yana bukatar intanet. Ga kuma tsadar data tun bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, wanda ya sa rubutu zalla ya fi hoto da murya arha nesa ba kusa ba.

DanAgege_77
Ni dai manhajar rubutun da ta zo da wayata nake amfani da ita, kuma ban ga aibinta ba. Me ya sa sai an je neman wata?

Ibrahim_Otigba
Ɗan'uwa, aibinta ba ya bayyana sai ranar da wayar ta bar hannunka. A teburina ina ganin wannan a kai a kai. Mutum zai zo da waya ta faɗa ruwa ko allonta ya mutu, hotunansa da lambobinsa duk su dawo a sabuwar waya domin suna kan asusunsa, amma rubuce-rubucensa babu, saboda manhajar a cikin wayar kaɗai take ajiyewa, ko kuma tana da nata asusun daban wanda bai taɓa buɗewa ba. Akwai wani dattijo mai sayar da raguna da aka zare wa waya a cikin motar haya ta danfo ana saura 'yan kwanaki babbar Sallah. Ba wayar ta dame shi ba, sunayen waɗanda suka ba da kafin alƙalami ne da adadin kuɗin kowa, ya zauna a bencina yana ƙirga su da yatsu yana tsayawa a na bakwai. Don haka ka shiga saitin manhajar ka duba ko tana haɗe da wani asusu. Idan kana iya buɗe rubutunka a wata wayar, to ka ci gaba da abinka.

Aisha_Obalende
Ina so in ƙara a kan maganar Malam Ibrahim, domin asusun ma yana da nasa tarkon. Da yawa daga cikin mutanenmu a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, wani lokaci ma lambar yaron shagon ce aka sa a matsayin lambar dawo da asusu. Irin wannan mutum ko ya yi shekara yana rubutu a Keep, ranar da wayar ta ɓace ba shi da hanyar shiga. Haka kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanonin waya suna sake sayar da shi ga wani. Sannan tun Disambar 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba ana iya share shi da duk abin da ke ciki. Kafin a yi gardamar wace manhaja, kowa ya tabbatar ya san adireshin imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, ya rubuta su a takarda ya adana a gida.

Alhaji_AlabaRago
Wannan magana ta 'yata Aisha ta fi duk sunayen manhajojin da aka lissafa amfani a wurina. Amma ina da tambaya ga masana. Waɗannan kamfanoni da ke ba mu wurin rubutu kyauta, su ba sa karanta abin da muka rubuta? Ni a harkar dabbobi akwai farashin da ko ɗana ba na so ya gani.

Zainab_Yaba
Baba Alhaji, tambayar tana da muhimmanci. Yawancin manhajojin nan, har da Keep da Simplenote, suna kare rubutun a kan hanyarsa ta zuwa wurinsu, amma mabuɗin yana hannun kamfanin, wato ba irin kullewar da kai kaɗai ke iya buɗewa ba ce. Wadda aka gina a kan cikakkiyar kullewa ita ce Standard Notes, wadda kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan ya saya a 2024. Sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, domin idan ka manta kalmar sirri su ma ba za su iya buɗe maka ba. A ganina kuma haɗarin da ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne wanda zai karɓi wayarsa a hannu, kamar yaron shago ko mai cajin waya a kasuwa. Keep ba ta da makullin rubutu ɗaya ɗaya, duk wanda ya buɗe wayar ya gani, yayin da manhajar rubutu ta iPhone da Samsung Notes suke ba da damar kulle rubutun da ka zaɓa. Abin da zan roƙi kowa shi ne kada a rubuta lambar sirrin katin banki ko ta tura kuɗi a kowace irin manhaja, domin ɓarawon waya a Legas wurin da yake fara dubawa ke nan.

Usman_Ketu
Babu wanda ya ambaci Evernote, alhali ita ce aka fi sani a da.

Aisha_Obalende
An san ta, amma ta canja. Kamfanin Bending Spoons na Italiya ya kammala sayenta a farkon 2023, kuma a Disambar shekarar aka taƙaita tsarin kyauta zuwa rubutu 50 da littafi ɗaya. Ga wanda zai rubuta abu ashirin a rana irin Malam Sani, wannan bai kai mako ba. Darasin da ke ciki ya shafi sauran duka, domin abin da yake kyauta yau mai shi yana iya sa masa kuɗi ko ya rufe shi gaba ɗaya, kamar yadda Google ya rufe Google Reader a 2013 duk da yawan masu amfani da shi. Saboda haka ni kafin in zauna a kan manhaja ina duba ko tana barin mutum ya kwashe rubutunsa ya fita. Na Keep ana kwashewa ta Google Takeout, shafin da Google ke barin mutum ya sauke bayanan asusunsa, Simplenote ma tana fitar da su a matsayin rubutu zalla.

Malam_IdiAraba
Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma ina ƙarfafa ɗalibaina su sa shi. Amma na lura cewa idan ka rubuta suna da ƙ yau, gobe ka neme shi da k, sau da yawa binciken ba ya kawo shi, domin na'urar haruffa biyu daban take ganinsu. Duk wanda zai dogara da bincike ya tsaya a kan hanya ɗaya. Sannan dattawanmu da yawa da ajami suka fi sakewa, kuma su mafita mafi sauƙi ita ce su rubuta a takarda kamar yadda suka saba, a ɗauki hotonta a ajiye a manhajar, a sa mata suna da kwanan wata da boko don a iya nemo ta.

Bala_Apapa
Malam, ni da hannuna ke kan sitiyari, magana ta fi mini sauƙi idan na tsaya. Shin wayar tana iya mayar da maganar Hausa rubutu?

Zainab_Yaba
Tana iyawa, Yaya Bala. A ƙarshen 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa da Yarbanci da Ibo a cikin harsunan da ake iya yi wa Gboard shifta da murya. Sai an zaɓi Hausa a saitin allon rubutu tukuna. Abin da na gani shi ne a ɗaki shiru tana ƙoƙari, amma a cikin hayaniya tana cakuɗa adadi, kuma a lissafi adadin ne komai. Ban ga yadda za ta bambance sha biyar da hamsin a bakin motar albasa da ƙarfe biyar na asuba ba, ga ihun 'yan dako ga ƙarar inji. Sunan mutum a faɗa da baki, adadi kuwa a buga da yatsa.

Hajiya_Balogun
Kun ga duk wannan doguwar hanya, ƙarshenta dai an dawo kan takarda, kalmar sirri a takarda, ajami a takarda. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni ina nan a kan WhatsApp da littafina.

Aisha_Obalende
Hajiya, to ki duba abu biyu. Ki tabbatar ba a kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu a wannan hirar ba, sannan ki duba ranar da wayar ta yi ajiyar ƙarshe. Ajiyar WhatsApp a Android yanzu tana cin fili ne daga cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotuna ma suke rabawa, kuma mai karɓar hotunan leshi dare da rana tana iya cika shi ba ta sani ba, ajiyar ta tsaya.

Sani_Mile12
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Na sa Keep na kuma yi gwajin da Malam Bala ya faɗa, na kashe data ta buɗe lafiya. Tsarin da na fara shi ne rubutu ɗaya ga kowace mota, sunan direba da garin da aka yi lodi a sama, ko Aliero ko Gashuwa, masu ɗaukar kaya a jere a ƙasa. Sai dai wata matsalar ta taso. Ƙanena ne ke zama a rumfa yana karɓar kuɗi, ni ina bakin mota, kuma ina so mu riƙa ganin jeri ɗaya.

Ibrahim_Otigba
Wannan mai sauƙi ne, a ƙasan rubutun akwai wurin ƙara abokin aiki, ka sa imel ɗinsa, duk wanda ya sa alama ɗayan zai gani idan dukanku kuna da data. Amma ka sani shi ma yana da ikon gyara ko goge abin da ke cikin jerin kamar kai. Rubutun da aka jefa kwandon shara kwana 7 kawai yake yi kafin ya tafi gaba ɗaya, don haka wanda aka gama da shi a tura shi ma'ajiya, kada a goge.

Alhaji_AlabaRago
A nan ne ni ban gamsu ba. Idan mutum biyu suna gyara jeri ɗaya, aka wayi gari adadi ya canja, ta yaya za a san hannun wa ya taɓa shi? Ba zargin kowa nake yi ba, amma ciniki tsakanin 'yan'uwa ya fi bukatar a fayyace komai. A littafi ko ba komai ana gane rubutun hannun kowa.

Zainab_Yaba
Baba Alhaji, idan aka kai ga bukatar sanin wa ya canja me da kuma yaushe, an wuce aikin manhajar gajeren rubutu, an shiga aikin jadawalin lissafi irin Google Sheets, wanda ke nuna sunan wanda ya yi kowane gyara. Sai dai buɗe jadawali a ƙaramar waya da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da bakin buhu, ba shi ne saurin da Malam Sani ya zo nema ba.

DanAgege_77
Na duba saitin tawa kamar yadda Malam Ibrahim ya ce, ba ta haɗe da kowane asusu, kuma rubutun da ke ciki suna da yawa. Akwai hanyar kwashe su gaba ɗaya zuwa wata manhajar, ko sai na bi su ɗaya bayan ɗaya?